Da Me Za A Tuna Da Mutum?

Mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce: idan mutum ya bar duniya, da wane aiki nasa ya cancanta a tuna da shi? Shin da aikin da ya sa jama'a suka san sunansa, ko kuwa da aikin da ya ƙarar da ƙarfinsa da shekarunsa a kansa? Ga mafi yawan mutane abin ɗaya ne, domin manomi da noma aka san shi, maƙeri kuma da ƙira. Amma akwai waɗanda rabo ya sa sunansu ya fita ta wata ƙofa, alhali kuwa rayuwarsu ta bi wata ƙofa dabam, kuma babu inda aka fi samun haka kamar a wurin 'yan wasa. Saurayi yakan yi fice a tsere ko ƙwallo tun yana makaranta, sa'an nan ya rayu shekara hamsin ko sittin bayan haka, ya yi iyali, ya yi aiki, ya tsufa, amma ranar da ya mutu ba abin da za a ambata sai wannan yini guda na ƙuruciyarsa.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗauki rayuwar mutum guda mu ɗora ta a kan ma'auni. Mutumin shi ne Sir Roger Bannister, Bature ɗan ƙasar Ingila, wanda ya mutu a birnin Oksfod ran 3 ga watan Maris 2018 yana da shekara 88. Da labarin mutuwarsa ya bazu, abin da jaridu suka sa a gaba shi ne cewa shi ne mutum na farko da ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4. Shi kuwa tun yana da rai ya sha gaya wa 'yan jarida cewa aikinsa na likita ya fi wannan gudu nauyi a wurinsa, kuma da shi ya fi so a tuna da shi. To, wa ya fi kusa da gaskiya, shi ko jama'a?

ƊALIBI MAI GUDU

An haifi Bannister ran 23 ga watan Maris 1929 a Harrow, a gefen birnin Landan. Ya shiga Jami'ar Oksfod cikin shekarar 1946 yana ɗan shekara 17 domin karatun likita, kuma a can ne ya soma tsere da gaske. A wancan zamani ba a biyan 'yan guje-guje ko anini, hasali ma duk wanda aka kama ya karɓi kuɗi sai a hana shi shiga gasa. Saboda haka gudu a wurinsa abin sha'awa ne da yake tsakura wa lokaci daga cikin karatu. Bayan ya koma makarantar likitoci ta asibitin St Mary's a Landan, a lokacin cin abincin rana yake zuwa wani fili kusa da asibitin, ya yi horon jiki na abin da bai kai sa'a guda ba, ya komo bakin aikinsa.

A cikin shekarar 1952 aka yi Wasannin Olamfik a Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, mutanen Ingila kuwa sun sa rai shi zai ciwo musu lambar zinariya a tseren mita 1,500. Sai aka ƙara zagayen share fage a gasar, ya zama tilas ya yi tsere kwana uku a jere, abin da ɗan horon da yake yi bai shirya shi ba. Ya zo na huɗu, ya koma gida hannu rabbana. Daga baya ya bayyana cewa da ya ci zinariya a Helsinki da tun a lokacin ya ajiye takalmin gudu. Ashe wani hanin ga Allah baiwa ne, domin wannan faɗuwa ce ta sa ya ƙara shekara biyu a fage, ya juya hankalinsa ga mil ɗaya.

Mil ɗaya mita 1,609 ne, watau zagaye huɗu na filin tsere, kuma wanda ke son ya gama shi cikin minti 4 tilas ya cinye kowane zagaye cikin sakan 60. Tun shekarar 1945 wani mutumin Suwidin, Gunder Hägg, ya yi shi cikin minti 4 da sakan 1.4, aka yi shekara tara ba wanda ya taɓa wannan bajinta. Mutum uku ne suka ɗaura ɗamarar karya ta: Bannister a Ingila, John Landy a Ostireliya, da Wes Santee a Amurka, kowannensu yana sauraron labarin sauran biyun.

RANAR 6 GA WATAN MAYU

Ran Alhamis 6 ga watan Mayu 1954 Bannister ya je asibiti da safe kamar kullum, ya wasa ƙusoshin takalminsa na gudu a ɗakin gwaje-gwaje, sa'an nan ya shiga jirgin ƙasa zuwa Oksfod, inda za a yi gasa a filin jami'a da ke titin Iffley. Iska mai ƙarfi ta yini tana kaɗawa, har ya yi niyyar fasa yunƙurin zuwa wata rana. Gab da ƙarfe 6 na yamma sai iskar ta lafa. 'Yan kallo ba su wuce kamar 3,000 ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, sun shiga tseren ne domin su ja masa gaba, su daidaita masa sauri. Brasher ya ja su har suka ci rabin mil cikin minti 1 da sakan 58. Da ya soma gajiya Chataway ya karɓe shi, ya kai su ƙarshen zagaye na uku. A tsakiyar zagaye na ƙarshe Bannister ya wuce shi, ya zuba duk abin da ya rage masa na ƙarfi, yana ƙetare layi ya zube a hannun mutane, numfashi na neman ƙwace masa. Mai shela ya tashi ya soma karanta sakamako, yana cewa "uku" sowar jama'a ta haɗiye sauran maganarsa. Lokacin shi ne minti 3 da sakan 59.4. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Bannister kuwa bai taɓa ɓoye wannan ba, domin har ƙarshen rayuwarsa yana ambaton hakkin abokan nan biyu a kansa.

KWANA 46

Nawa ne tsawon ran wannan bajinta da duniya ta girgiza dominta? Kwana 46. Ran 21 ga watan Yuni na wannan shekara, a garin Turku na ƙasar Finlan, John Landy ya yi mil ɗin cikin minti 3 da sakan 58. Wanda ya biyo shi a baya yana matsa masa lamba a ranar kuwa shi ne Chataway, mutumin da ya ja wa Bannister gaba a Oksfod. Gaba da gabanta.

Ran 7 ga watan Agusta mutanen biyu suka haɗu a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, a Wasannin Ƙasashe Renon Ingila, lokacin nan kuwa duk duniya su kaɗai ne suka taɓa sauka ƙasa da minti 4. Landy ya ja gaba tun daga farko, ya ba da rata mai yawa, Bannister ya yi ta cin ratar sannu a hankali. A kwana ta ƙarshe Landy ya waiwaya ta kafaɗar hagu domin ya ga inda abokin karawarsa yake, a daidai wannan ƙiftawar ido Bannister ya wuce shi ta dama. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, amma ran nan waiwaye bai yi wa Landy ado ba. Bannister ya gama cikin minti 3 da sakan 58.8, Landy cikin minti 3 da sakan 59.6. Sai daga baya aka ji cewa Landy ya yi tseren ne da ɗinki a tafin ƙafarsa, saboda ya taka fasasshen ƙwan fitilar mai ɗaukar hoto, kuma bai yarda ya mai da wannan hanzari ba.

A ƙarshen watan Agusta Bannister ya ci gasar nahiyar Turai ta mita 1,500 a birnin Bern, kafin shekarar ta ƙare kuma ya ba da sanarwar ya bar tsere. Shekararsa 25, yana tsakiyar ganiyarsa, babu rauni a jikinsa, babu wanda ya kore shi. Ya riga ya sami takardar shaidar likita a wannan shekara, sai ya juya ya fuskanci marasa lafiya.

SHEKARA 40 A BAKIN GADON MAJINYATA

Daga nan har ya yi ritaya, kimanin shekara 40, aikinsa shi ne likitancin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Lokacin da yake aikin soja na tilas an tura shi Aden, inda ya bincika dalilin da ya sa zafi ke kashe matasan sojoji, har ya yi gwajin a jikin kansa domin ya tabbatar da abin da yake zato. A shekarar 1963 ya zama babban likita a asibitin ƙasa na cututtukan jijiyoyi da ke Landan.

Fannin da ya fi zurfafa a cikinsa shi ne na jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba tare da mutum ya umurce su ba. Ka duba, ya kai mai karatu: kana barci zuciyarka na bugawa, cikinka na narkar da abinci; ka shiga rana gumi ya karyo maka; ka miƙe tsaye hanyoyin jininka su tsuke nan take, domin kada jini ya zurare ƙafafu ya bar ƙwaƙwalwa. Duk wannan ba da saninka ake yin sa ba. To, akwai bayin Allah waɗanda jijiyoyin nan ke lalace musu, da zarar sun miƙe sai jiri ya kwashe su su faɗi sumammu, ba sa gumi ko ana tsananin zafi, fitsari ya riƙa ƙwace musu. Kafin zamaninsa likitoci kaɗan ne suka mai da hankali ga irin waɗannan majinyata. Bannister ya yi shekaru yana nazarin yadda za a gane cutar da yadda za a sassauta ta, ya shirya babban littafi a kanta wanda ya fara fitowa a 1983, ya kuma ɗauki nauyin sabunta littafin Lord Brain wanda ɗaliban likita suka daɗe suna koyon ilmin jijiyoyi da shi. Daga 1985 zuwa 1993 shi ne shugaban Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Oksfod.

SON WASA BAI BAR SHI BA

Kada wani ya zaci da ya bar tsere ya juya wa wasanni baya, ko ya riƙa ganin su wauta ce ta ƙuruciya. Daga 1971 zuwa 1974 shi ne ya shugabanci Majalisar Wasanni ta ƙasarsa, kuma abu biyu ya sa a gaba. Na farko, a gina filaye da ɗakunan wasa domin talakawa, yaro da babba, gwani da wanda ba gwani ba. Na biyu, a yi maganin maguɗi. A lokacin 'yan wasa sun soma shan ƙwayoyin nan masu kumbura tsoka, babu kuwa hanyar kama su. Ya ƙarfafa wa masana harhaɗa magunguna gwiwa har suka fito da gwajin fitsari mai tona asirin ƙwayoyin, aka jarraba shi a wasannin Christchurch a 1974, aka yi aiki da shi a Olamfik na Montreal a 1976. Wannan hanya da aka buɗe ita ce ta kai ga ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson na Kanada a birnin Seoul a 1988. Saboda wannan hidima aka ba Bannister lambar girma ta Sir a 1975.

A tsakiyar shekarun 1970 ya yi haɗarin mota wanda ya ragargaza masa idon sawu, daga nan bai sake gudu ba. Mutumin da aka san shi da ƙafa ya koma ɗan kallo, kuma bai daina kallon ba. A 2012, yana da shekara 83, ya riƙe wutar Olamfik a filin nan na Iffley, wanda a lokacin an riga an sa masa sunansa. Shekara guda kafin haka likitoci sun tabbatar masa yana da cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da sandarewar gaɓoɓi, watau ɗaya daga cikin cututtukan da ya yi rayuwarsa yana duba masu fama da su. Ya sanar da jama'a a 2014, ya ci gaba da zama da ita har ajali ya zo.

A nan akwai abin lura game da masu son wasa. Wani wasan yake so, wani kuwa sunansa yake so a cikin wasan, kuma ba a rarrabe su sai ranar da aka sauke su daga fage. Mai son sunansa, da zarar an daina kiran sa, sai ya koma kushe na baya, yana cewa wasa ya lalace tun da su suka bari. Mai son wasan kuwa yakan yi murna idan yaro ya fi shi, ya yi fushi idan an shigo da ha'inci, ya nemi a buɗe ƙofa ga wanda ba shi da hali. Rayuwar Bannister bayan 1954 ta nuna a wane sahu yake.

AYYUKA IRI BIYU

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Idan muka lura za mu ga ayyukan da ake yabon mutum da su iri biyu ne. Akwai aikin da darajarsa ta rataya ga rashin wanda ya kai shi. Tsere yana cikin wannan, haka yawan dukiya, haka muƙami. Mai irin wannan aiki ba ya hawa sai wani ya sauka, kuma ranar da aka sami wanda ya fi shi, nasa ya ragu ko da bai taɓa shi ba. Akwai kuma aikin da darajarsa a cikinsa take, kamar warkar da majinyaci, da koyar da jahili, da sulhunta masu gaba. Idan likita ya tsayar da mutum guda a kan ƙafafunsa, sa'an nan wani likita ya tsayar da dubu, wannan mutum guda bai koma kwance ba saboda haka. Shi ya sa iri na farko yake saurin haifar da hassada, na biyun kuwa yake jawo taimakon juna.

Dubi abin da zamani ya yi wa minti huɗun nan. A 1964 ɗan makarantar sakandare, Jim Ryun na Amurka, ya sauka ƙasa da su. A 1985 John Walker na New Zealand ya cika sau 100 yana yin haka. A 1994 Eamonn Coghlan na Ailan ya yi shi yana da shekara 41. Waɗanda suka yi shi zuwa yau sun haura mutum 1,500. Ran 7 ga watan Yuli 1999, a birnin Rum, Hisham El-Garuj na Maroko ya gama mil cikin minti 3 da sakan 43.13, watau da tare suka tashi da Bannister na 1954, da ya bar shi a baya da fiye da mita 100. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da ya rage masa wanda ba mai ƙwacewa shi ne kalmar "na farko", ita ma kuwa da iska ba ta lafa ba a yammacin nan, da wataƙila sunan Landy ake kira.

Duk da haka ba za mu ce jama'a sun yi laifi ba. Ingila ta 1954 ƙasa ce da ba ta gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, har sai cikin watan Yuli na wannan shekara aka daina rabon nama da kati. Mutanen da suka gaji sun ga ɗalibi mai horon sa'a guda ya yi abin da aka daɗe ana cewa ya gagara, suka ji ƙarfin zuciya, kuma sanya farin ciki a zukatan mutane alheri ne. Daɗin daɗawa, jama'a da abin da ido ya gani suke tunawa. Tsere a bainar jama'a ake yin sa, aikin likita kuwa a bayan labule, kuma amana ta hana shi ya fito ya ba da labarin wanda ya duba. Saboda haka mantuwar jama'a da shekara arba'in ɗin nan gajartar gani ce, ba butulci ba ne.

Amma fa abin da ke biyo bayan wannan magana mai nauyi ne. Idan ambaton jama'a yana bin abin da ya bayyana ne, to ambaton jama'a bai isa ya zama ma'aunin mutum ba, kuma duk wanda ya gina rayuwarsa domin a ambace shi, tilas ya riƙa zaɓen aikin da ake gani a kan aikin da ke da amfani.

LAMBA BA TA SHAIDAR HALI

Wasannin nan na Bankuba suna da wani darasi wanda ya shafe mu kai tsaye. A can ne wani saurayi ɗan Nijeriya, Emmanuel Ifeajuna, ya ci lambar zinariya a tsallen ƙetare sanda, ya haye ƙafa 6 da inci 8. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinariya a babbar gasa ta ƙasashen duniya, har aka riƙa buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Ya yi karatu a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya shiga soja, ya kai muƙamin manjo. Sa'an nan ya zama ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin 15 ga watan Janairu 1966, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da waɗansu shugabanni da manyan hafsoshi. A watan Satumba 1967 hukumomin Biyafara suka harbe shi a Inugu bisa tuhumar cin amana.

Samari biyu, gasa ɗaya, zinariya iri ɗaya. Wanda ya gan su a Bankuba ba shi da hanyar sanin inda kowannensu zai ƙare, domin lamba tana shaidar ƙarfin ƙafa ne a rana guda, ba ta san kome game da zuciya ba. Ɗaukakar ƙuruciya jari ce aka damƙa wa mutum, sai an ga abin da ya saya da ita kafin a ce ya ci riba ko ya faɗi.

Ko a cikin fage ma hali yakan bayyana. A 1956, a gasar ƙasar Ostireliya a Melbourne, wani matashi mai suna Ron Clarke ya faɗi a gaban Landy ana tsakiyar tsere, ƙusar takalmin Landy ta yanke shi. Landy ya tsaya, ya komo ya duba lafiyarsa, sa'an nan ya bi sauran ya cim musu, ya ci tseren. Bajintarsa ta Turku an daɗe da shafe ta, amma wannan tsayawa har gunki aka yi mata a Melbourne, kuma da ya mutu a 2022, bayan ya riƙe gwamnan jihar Victoria daga 2001 zuwa 2006, tana cikin abin da aka fi ambata.

WANI HANZARI

Mai karatu yana iya cewa: ai saukowa daga fage abu ne mai sauƙi ga wanda asibiti ke jiran sa, ina ɗan talakan da ba shi da kome sai ƙafafunsa? Wannan hanzari ne mai ƙarfi. Dokar hana karɓar kuɗi ta wancan zamani ta fi yi wa masu wata madogara daɗi, kuma ita ce ta sa aka kori Gunder Hägg daga tsere a 1946, yana riƙe da bajintar duniya. Ba kowa ne zai zama likita ba, kuma wanda ya mai da wasa sana'arsa ta halal bai yi abin kunya ba. Sai dai hanzarin bai rushe maganar ba, ƙara mata nauyi ya yi. Ƙarfin ɗan wasa yakan ƙare tun bai kai shekara 40 ba, sauran shekarun kuwa suna nan suna jiran sa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan yaron ba shi da halin yi wa kansa tanadi, to nauyin ya koma kan makarantar da ta yi alfahari da shi, da ƙungiyar da ta ci moriyarsa, da 'yan kallon da suka yi masa tafi. Wanda ya yi sowa ranar nasara ya kamata ya tambaya ina gwanin yake bayan shekara ashirin.

To, da me za a tuna da Roger Bannister? A ganinmu babu laifi a shiga labarinsa ta ƙofar minti huɗu, tun da ta nan aka san shi, amma zalunci ne a tsaya a bakin ƙofar. Mafi girman abin da ya yi a shekarar 1954 shi ne saukowar da ya yi da kansa alhali ana tsakiyar yi masa kirari, domin ya gane cewa abin da kwana 46 suka isa su ƙwace bai cancanci a ba shi rayuwa dukanta ba. Wannan fahimta ce ta ba shi damar ya so wasa har tsufa ba tare da ɗaci ba, ya zauna lafiya da waɗanda suka fi shi, ya kuma bar majinyata da ɗalibai waɗanda ba su da buƙatar sanin ko ya taɓa gudu.

Saboda haka idan aka yi rasuwar wani tsohon gwani a unguwarku, kuka taru kuna tuna ƙwallon da ya ci ko tseren da ya lashe, ku ambaci wannan, domin hakkinsa ne. Amma kada ku tashi sai wani ya faɗi yadda ya riƙe iyalinsa, da yadda ya zauna da maƙwabta, da yaran da ya koya wa abin da ya iya. Kai kuma saurayi mai ji da ƙarfi a yau, ka yi gudunka iyakar iyawarka, ka kuma tambayi kanka tun yanzu me za ka yi da shekarun da ba mai yi maka tafi a cikinsu.

Allah ya sa mu dace, ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.